Me ya sa lambar da aka ba John Basilone bayan mutuwarsa ba ta kai ta farko ba?

Tambaya: Malam, na karanta cewa sojan Amurka John Basilone ya samu lambar yabo mafi girma yana raye, amma da ya mutu a fagen fama sai aka ba shi wadda ba ta kai ta ba. Wanda ya ba da ransa ba shi ya fi cancanta ba?

Amsa: A tsarin sojan Amurka ba mutuwa ake saka wa da lambar jarumta ba, aikin da mutum ya yi ake aunawa, kuma sai shaidun gani da ido sun tabbatar. Rauni ko mutuwa a hannun abokan gaba suna da tasu lambar, Purple Heart, ita ma an ba shi.

Basilone sajan ne a rundunar Marin, masu sauka daga jiragen ruwa su yi yaƙi a tudu. A daren 24 ga Oktoban 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a tsibirin Guadalcanal da ke tekun Pasifik, sojojin Japan suka yi ta kwararowa don ƙwace filin jirgin Henderson. Shi ke kula da bindigogi masu jigida. Aka kashe ko aka raunata yawancin mutanensa, ya gyara bindigar da ta cije cikin duhu, da harsashi ya yi ƙasa kuma ya ratsa ta cikin abokan gaba ya ɗebo wa 'yan'uwansa. Wannan ne ya jawo masa Medal of Honor, lambar jarumta mafi girma a sojan Amurka.

Aka mayar da shi gida ana yawo da shi gari-gari don tara kuɗin yaƙi. Abin bai kwanta masa ba. Ya ƙi muƙamin hafsa, ya nace sai an mayar da shi bakin daga. Ranar 19 ga Fabrairun 1945, ranar farko ta saukar sojojin Amurka a tsibirin Iwo Jima na Japan, ya tarwatsa wata maɓoyar kankare ta Japanawa shi kaɗai, ya fitar da tankar yaƙi daga filin nakiyoyi, a ranar kuma aka kashe shi yana da shekara 28. Aka ba shi Navy Cross, wadda ke bin Medal of Honor a daraja.

Ga kuma abin da mutane ke mantawa: tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a sake ba mutum ɗaya Medal of Honor sau biyu ba. Don haka ni ban ga ragi a nan ba. A 1948 aka mayar da gawarsa maƙabartar sojoji ta Arlington a Amurka, kuma jiragen yaƙi biyu sun ɗauki sunansa, na biyun ya fara aiki a 2024.