Amsa ga 'yata kan matan kulle da arzikin Kano

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce a ajinku an faɗa muku wai tunda al'adar kulle ta tsare matan birni a gida, ba su da hannu a bunƙasar Kano, kina tambaya ko haka ne. Wanda ya faɗi wannan magana bai taɓa wuce zaure ba.

Kulle ya daɗe, ana danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. To me ya sa fatake suke ƙetaro Sahara zuwa Kurmi? Tufafi na cikin manyan dalilai. Bature Barth da ya zo a 1851 ya ga cewa saƙa da rini su ne jigon cinikin garin. Masaƙa da marina galibi maza ne, ana ganinsu a Ƙofar Mata da Kura, shi ya sa ake ambatonsu. Amma zaren daga ina? Daga tsakar gida. Mace za ta gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari. Da rana kaɗi, bayan isha'i kaɗi, ga goyo a baya. Na ga kakarki tana bambanta abawa da siririn zare da taɓawa kawai, ko fitila babu. Ba don wannan zaren ba, turkuɗi bai isa hannun Buzaye ba.

Da jirgin ƙasa ya kawo cinikin gyaɗa daga 1912, mata ne suke ɓare ta, su matse mai, su soya ƙuli-ƙuli. Kuɗin na matar ne, miji ba ya taɓawa. Da shi take zuba adashi, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta rufa wa gida asiri ran da maigida ya dawo hannu wofi.

A fada ma akwai jakadu mata da ke kai saƙo tsakanin cikin gida da waje, ga Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa, da ta yi ƙarfi har zamanin jikanta Kisoki.

Abin da nake jin zafinsa shi ne 'yan matan da suka ɗauki tallar wannan sana'a a kansu, makaranta ta wuce su. Iyayensu mata na ciki, su ne ƙafafunsu a kasuwa, kuma su ma babu wanda ya rubuta sunansu.

Ki gaida mahaifiyarki. Allah ya yi miki albarka.