Gina gareji da bulon LEGO: ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka samo buhun bulon wasa na gwanjo a kasuwar Maradi, kana son haɗa ƙaramin gareji amma ka rasa ta inda za ka faro. Fara da motar, ita ce za ta yanke maka girman komai. A saman kowane bulo akwai ƙananan kawuna masu kama bulon da aka ɗora a kai. Tsakanin tsakiyar kai ɗaya da ta na kusa da shi milimita 8 ne, kuma faifan ƙasa da ake yin ginin a kansa mai kai 32 a kowane gefe bai wuce santimita 26 ba. Idan motarka mai faɗin kai 8 ce, bar wa ƙofa kai 12, in ba haka ba bakanike ba zai samu wurin tsayawa ba.

Bango kuwa, jera shi yadda magina ke yi, kowane bulo ya hau kan biyu na ƙasa. Kayan gwanjo sukan gauraya da na kwaikwayo waɗanda ba su kamawa sosai, sai ka ɓoye su a bangon baya.

Ni abin da na fi so shi ne kada ya fito tsaf-tsaf. Garejinmu na nan rumfar kwano ce, ga tsofaffin tayoyi a jibge, ga jarkar mai, ga yaron oga a kwance ƙarƙashin mota. Ɗaga daɓen da bulo biyu ka bar rami a tsakiya, ka warwatsa baƙaƙen faifai siraran a matsayin baƙin mai.

Kada ka ajiye shi bakin taga, rana tana mayar da farin bulo ruwan ɗorawa. Da hunturu kuma ka rufe shi da leda saboda ƙura.