Hukuncin Shiga Saudiyya Da Bizar Yawon Buɗe Ido Bayan An Hana Mutum Bizar Aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni tela ne a Fagge, ina da mata da yara uku. Wani abokina da ke Jidda ya samo min kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamana da aikina, a wani shagon ɗinki. Na sayar da babur ɗina da keken ɗinki guda na biya ejan, amma bizar aikin ba ta fito ba, aka ce an ƙi. Yanzu ejan ɗin ya ce in ƙara wani abu ya ciro min bizar yawon buɗe ido ko ta umara, in na shiga sai in zarce wurin aikin, wai kowa haka yake yi. Shin ya halatta? Kuɗin da zan samu a can halal ne? A ganina ƙasa ta Allah ce, kuma ba sata zan je yi ba.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alherin abin da ka kashe. Magidanci ya rabu da keken da yake ci da shi ba ƙaramin abu ba ne, kuma da ka tsaya ka tambaya kafin ka ɗaga ƙafa, ka kyauta.

Hana ka bizar aiki da aka yi bai haramta maka shiga ƙasar ba. In da gaske umara za ka, ko ziyara, ka faɗi gaskiya a duk abin da aka tambaye ka, har da ƙin da aka yi maka in an tambaya, ka dawo kafin wa'adinka ya cika, to babu komai a kanka. Saudiyya da kanta ta buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar dogon bayani.

Amma abin da ejan ya tsara maka daban ne, kuma bai halatta ba. Kai da bakinka ka faɗi niyyarka: aiki za ka, sunan ziyara kawai za ka ara. Hadisin da Bukhari ya buɗe Sahihinsa da shi, daga Sayyidina Umar, ya ce ayyuka suna tare da niyya. Ranar da ka cika takarda ka ce yawon buɗe ido za ka, alhali almakashi da tef ɗin awo suna cikin jakarka, ka yi ƙarya. Ranar da ka wuce wa'adi kuma ka saɓa alƙawari. Zunubi biyu ke nan tun ba ka ɗinka riga ko ɗaya ba.

Mutanenmu da yawa suna ɗaukar biza kamar tikitin mota ne, ka biya ka shiga, shi ke nan. A ma'aunin fiƙihu biza aminci ce da masu ƙasa suka ba ka bisa sharaɗi, kai kuma ka karɓa bisa wannan sharaɗin. Duba bizar ziyara ta Saudiyya da kyau, a jikinta an rubuta cewa ba a yarda mai ita ya yi aiki ba. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura." A Suratul Isra'i, aya ta 34, ya ce alƙawari abin tambaya ne. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Akwai ƙissar da nake so ka tsaya a kanta, tana cikin Sahihu Muslim. Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa sun fito za su Madina, sai Ƙuraishawa suka tare su suka ce wajen Muhammadu za ku. Suka ce Madina kawai muka nufa. Ƙuraishawa suka sa su yi alƙawari cewa ba za su yi yaƙi tare da shi ba, sannan suka sake su. Da suka iso suka ba Annabi (SAW) labari, ga yaƙin Badar a gaba, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, abokan gaba wajen dubu, kowane mutum ɗaya ana buƙatarsa. Me ya ce musu? "Ku koma. Za mu cika musu alƙawarinsu, mu nemi taimakon Allah a kansu." Alƙawari ne da aka yi wa mushrikai masu zare da takobi, kuma a cikin matsi aka yi shi, amma bai yarda a karya shi ba. To ina ga wanda ka yi da hannunka, babu mai tilasta ka, ga hukumar ƙasar Musulmi? Kuma ko da Ingila ce ko Amurka, hukuncin bai canza ba, domin cika alƙawari bai dogara da addinin wanda aka yi wa ba.

Ka ce ƙasa ta Allah ce. Gaskiya ne, kuma Suratul Mulk ta ce mu yi tafiya a sassanta mu ci daga arzikinsa. Kakanninmu sun tashi daga Kano a ƙafa, suka bi ta Barno da Chadi da Sudan, suna noma suna ƙwadago a hanya shekara da shekaru kafin su ga Ka'aba, wasu ma zuriyarsu na Sudan har yau. Su babu wanda ya ɗauki alƙawari a hannunsu, kai kuwa an ɗauka. Gidanka na Fagge ma a ƙasar Allah yake, amma baƙon da ka ce ya kwana uku a zaure, ba ka yarda ya kafa shago a ciki ba da saninka ba. Wasu kuma suna kafa hujja da aya ta 198 a Suratul Baƙara, wadda ta ce babu laifi a nemi falalar Ubangiji a lokacin aikin Hajji. Ayar ta ɗauke ƙunci ne ga mahajjacin da ya yi saye da sayarwa, ba ta ba kowa izinin yaudara ba. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne a mayar da umara gada. Mutum ya ɗaura harami ya ce "Labbaika", alhali zuciyarsa tana shagon ɗinki a Jidda. In ya cika rukunanta umararsa ta inganta, amma ina jiye masa tsoron abin da zai tarar a ladanta.

Ga kuma cutar da kai. Tirmizi ya ruwaito daga Huzaifan nan dai cewa bai kamata mumini ya wulaƙanta kansa ba. Aka ce ta yaya? Ya ce ya jefa kansa cikin bala'in da ba zai iya ɗauka ba. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa a Saudiyya yana fuskantar tarar da za ta iya kai riyal 50,000, da ɗaurin da zai iya kai wata 6, sannan a koro shi, kuma da hoton yatsunsa a hannunsu. Wanda ya ba shi aiki ko ya ɓoye shi ma bai tsira ba, ka ga har abokinka za ka ja wa. Ba ka da igama, wato takardar izinin zama a ƙasar, saboda haka in mai shago ya riƙe maka kuɗin wata uku, ina za ka kai ƙara? Da ka hango motar askarawa sai gabanka ya faɗi. Wani bawan Allah ya zauna a gabana a soron nan bayan an kwaso su daga tarhil na Shumaisi, wato inda ake tsare waɗanda za a koro gida daga Saudiyya. Ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da silifa da leda guda a hannu. Bai yi min kukan kayansa da ya bari ba. Abin da ya sa shi hawaye, mahaifiyarsa ta yi jinya ta rasu yana can, ya kasa tahowa don ya san in ya fito ba komawa. Zaman takari ke nan, kuma ejan ba zai gaya maka wannan ba.

Kada a ce larura ce. Larurar da ke halatta abin da aka hana ita ce wadda mutum ke tsoron halaka kuma babu wata mafita, kamar mai gudun yaƙi da ya tsallaka iyaka don ya tsira da ransa. Tsadar rayuwa tana da zafi, ban musa ba, amma kai kana da sana'a a hannu, kana gari irin Kano da ɗinki ba ya yankewa.

Batun kuɗi kuwa, wanda ya riga ya shiga ta wannan hanya ya yi ɗinki na halal aka biya shi, abin da na fi natsuwa da shi shi ne ladan aikinsa halal ne, domin guminsa ne, iyalinsa su ci babu damuwa. Zunubin ƙarya da saɓa alƙawari yana wuyansa, ya tuba, ya nemi hanyar gyara zamansa ko ya dawo gida. Kada wannan sassauci ya ruɗe ka, ya shafi wanda ya riga ya afka ne, kai kuwa ƙafarka tana waje. Shi ejan da ke tsara wa mutane haka yana sane, kuɗin da ya karɓa a kan wannan bai halatta gare shi ba, taimakekeniya ce a kan saɓo, kuma "kowa haka yake yi" ba hujja ba ce a Shari'a.

Kada ka ƙara masa ko kwabo. Ka koma wurinsa da dattijo ɗaya ko biyu, ya nuna maka a rubuce dalilin da ya sa aka ƙi, domin wani lokaci ma ba a shigar da takardun ba. In matsalar daga takardun kafili ce ko gwajin lafiya, a gyara a sake nema ta ƙofar da aka sani. In kuwa ya kasa nuna komai, ka nemi abin da ya rage na kuɗinka, ka fara mayar da keken ɗinkin nan kafin ɗinkin Sallah ya kankama. Wallahu a'alam.