Ta ina zan fara tara kan sarki?

Tambaya: Ina da tsofaffin wasiƙu masu yawa da kan sarki a jikinsu, kuma ina sha'awar in riƙa tara su a lokacin hutuna. Ta ina zan fara, kuma shin tsufansu yana nufin suna da tsada?

Amsa: Kafin komai, kada ka yi gaggawar ɓamɓare kan sarki daga jikin ambulan, domin sau da yawa ambulan mai ɗauke da hatimin gidan waya, da kwanan wata, da sunan garin da wasiƙar ta fito, ya fi kan sarkin shi kaɗai daraja a wurin masana. Wanda ka tabbatar ambulansa ba shi da wani abin lura, sai ka yanke takardar da ke kewaye da shi, ka jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi har ya saki da kansa, ka shanya shi a kan takarda mai shan ruwa, sannan ka danne shi da littafi mai nauyi. Ambulan mai launi a jiƙa shi daban, saboda yakan yi zuba. Kan sarki na zamani masu manne kansu kuwa, yawancinsu ruwa ba ya sakinsu, gara a bar su a kan takardarsu.

Kayan aikin ba su da yawa: hantsaki mai faffaɗan baki, domin maiƙon yatsa yana ɓata takarda, da gilashin ƙara girma, da kundi mai aljihuna. Gam da salatif kada su kusanci kan sarki, haka nan danshi da hasken rana.

Batun tsada kuwa, ƙarancin abu da lafiyarsa ne suke yanke farashi, ba shekarunsa ba. Kan sarki na farko a duniya, Penny Black, wanda ya fara aiki a Birtaniya ranar 6 ga Mayu 1840 da hoton Sarauniya Victoria, an buga sama da miliyan 68, shi ya sa har yau ba ya wuyar samu. Amma wani kan sarki mai farashin santi ɗaya da aka buga a British Guiana (ƙasar Guyana ta yanzu) a 1856, wanda guda ɗaya tak ya rage, an sayar da shi sama da dala miliyan 9 a 2014. Ɗaya daga cikin 'yan haƙoran gefen kan sarki da ya gutsure, ko wata 'yar yagewa, ya isa ya karya darajar kan sarki.

Shawarar da na fi ba da ƙarfi a kanta ita ce ka zaɓi fanni ɗaya tun da wuri, ko ƙasa guda, ko wani zamani, ko jigo kamar tsuntsaye ko jiragen ƙasa, domin mai son tara komai tarkace kawai yakan tara. Wajen gane ƙasa daga sunan da ke jikin kan sarki, Helvetia ita ce Suwizalan, Suomi Finlan, Nippon kuma Japan, wanda ba shi da suna sai kan mai sarauta kuwa na Birtaniya ne. Littattafan jerin kan sarki na Stanley Gibbons, Scott da Michel za su nuna maka shekarar da aka buga kowanne, sai dai farashin da ke cikinsu yakan zarce abin da mai saye zai biya a zahiri.