Tiyatar zuciya ta ƙaramin yanka: wa ta dace da shi?

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 71, ga ciwon suga, ga ƙoda ta yi rauni. An ce jijiyar zuciyarsa ta toshe, sai an yi tiyata. Na ji akwai wadda ba a tsaga ƙirji. Za ta yi masa? Daga wata 'yar'uwa a Nima, Accra.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Akwai ta, amma ba kowa take yi wa ba.

Yanka ne na kamar santimita 6 zuwa 8 a ƙasan nonon hagu, tsakanin haƙarƙari. Likita zai zaro jijiyar da ke bayan ƙashin ƙirji, ya ɗinke ta a kan babbar jijiyar gaban zuciya, gaba da wurin toshewar. Zuciya na bugawa ake aikin, ana dai danne wurin ɗinkin da wani ƙarfe don kada ya motsa. Wannan haɗi yana da ƙarko: fiye da kashi 90 cikin 100 na nan a buɗe bayan shekara 10.

Ga mai irin lalurar Baba, amfanin babba ne. Ƙashin ƙirjin mai suga yakan yi jinkirin haɗewa, har ya yi ruwa, a nan kuwa ba a taɓa shi. Ba a kuma jona shi da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, wanda kan wahalar da ƙoda. Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ma ba a matse ta, ita ce kuwa idan ta yi tauri ɓarɓashinta kan haura ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Sai dai jijiyar gaba aka fi kaiwa gare ta ta wannan ƙofa. In uku ne suka toshe, ko dai a buɗe sauran da ɗan bututun ragar ƙarfe da ake zurawa ta jijiyar hannu ko cinya, ko a tsaga ƙirjin. Ana kuma sace iskar huhun hagu yayin aikin, don haka mai raunin huhu ba lallai ya jure ba. In jini ya ɓalle, nan take za a koma babban yanka. Ciwon haƙarƙari kuwa yakan yi zafi a kwanakin farko.

Ku kai hoton jijiyoyinsa cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu da ke Accra. Ki tambayi likitan: jijiya nawa ce ta toshe, kuma sau nawa ya yi irin wannan aiki. Ki faɗi duk maganin da Baba ke sha, har na gargajiya. Kada ya daina maganin tsinka jini sai likita ya faɗi ranar.