Shin banjo ɗan'uwan gurmi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanakin baya na ci karo da wani mawaƙi ɗan Amurka a YouTube yana kaɗa wani abu mai zagayayyen ciki, wai shi banjo. Ya ce kiɗansa bluegrass ne da tsohon kiɗan country, kuma ba ya ƙarƙashin kowane kamfani. Wallahi sai da ya tuna min da gurmin kakana. Akwai dangantaka ne, ko dai kunnena ne? Kuma mawaƙin da ba shi da kamfani, da me yake cin abinci? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kunnenka ya ji daidai. Ni ma ranar da na fara jin banjo, sai da na ajiye abin da ke hannuna na kasa kunne.

Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka ƙera banjo na farko a tsibiran Karebiyan tun ƙarni na 17: ƙwarya, a rufe bakinta da fata, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya. Ashe ba siffar gurmi ke nan ba? Wani likita haifaffen Ireland, Hans Sloane, ya gan shi a hannun bayi a Jamaika, har ya sa zanensa a littafin da ya fitar a 1707. Sai dai ba zan ce maka gurmi ne ya haifi banjo ba. Danginsu ɗaya, tare da molo, da ngoni na Mali, da akonting na Jolawan Gambiya da Senegal. Shi akonting ɗin ma ya fi kusa, domin yana da gajeriyar tsirkiyar da ake bugawa da babban yatsa, kamar dai tsirkiya ta biyar ta banjo.

Abin da ke sosa min rai shi ne yadda ya bar hannun masu shi. A ƙarni na 19 Turawan Amurka suka riƙa shafa baƙi a fuska, suna kaɗa shi a dandali suna yi wa baƙar fata ba'a. Masana'antu suka maye ƙwaryar da katako da ƙarfe. A hankali aka manta asalinsa, har aka ɗauka kayan manoman Turawa ne na duwatsun Apalaciya da ke gabashin Amurka. Irin su Rhiannon Giddens, mawaƙiyar Amurka mai kaɗa banjo, ne yanzu ke ta tunatar da mutane.

Bluegrass kuwa ba shi da tsufa sosai. Sunan ya fito daga Blue Grass Boys, ƙungiyar Bill Monroe ɗan jihar Kentaki. A 1945 wani saurayi, Earl Scruggs, ya shigo cikinta da salon kaɗawa da yatsu uku, sauti na zuba kamar ruwan sama a kan kwano. In ka lura ba ganga a ciki: banjo ne, da jita, da mandolin (ɗan ƙaramin dangin jita), da gogen Turawa, da babban bas. Tsohon country ya girme shi, tun a 1927 aka naɗi waƙoƙin Carter Family da Jimmie Rodgers a faifai a garin Bristol na Amurka.

Maganar abinci kuma, mutumin naka fafutuka yake. Abin da Spotify ke biya a kan saurare ɗaya bai kai santi ɗaya na dala ba. Don haka yawancinsu yawon bukukuwan kiɗa suke yi lokacin zafi, su sayar da faifai da riguna bayan wasa, su koyar da ɗalibai, su sa waƙoƙinsu a Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi a intanet, inda kaso mafi tsoka ke shiga aljihunsu. Kusan kamar makaɗinmu da liƙin 'yan biki. In kana da hali, sayi waƙa ko guda ɗaya a wurinsa kai tsaye.

Sannan ina roƙonka, in gurmin kakan nan naka yana nan, ɗauki hotonsa ka aika wa mawaƙin. Ni ma turo min ɗaya.