Gawayin kamina da batirin sodiyam

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi dariya, daga baya kuma gabana ya faɗi. Kana tambaya me ya sa iyayenmu a Mai Wurno ta Sudan suke lulluɓe itacen talha, wata bishiya mai ƙaya, da ƙasa in za su yi gawayi, abin da ake kira kamina, kuma wai ka ji da irinsa ake yin batirin sodiyam, har kana shirin daka gawayin da mahaifiyarka ke ɗora jabana, tukunyar gahawa, ka gwada. Ajiye taɓaryar nan tukuna. Kakanka yakan ce kama da wane ba wane ba ne.

Dubi yadda masu kamina ke yi. A jera itace, a shimfiɗa ciyawa, a bi da ƙasa, a bar 'yan ƙofofi. Mai kamina ba ya barci, idonsa na kan hayaƙi. In fari ne mai kauri, ruwa ke fita. In ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi, sai a toshe ƙofofin. Gefe ya rufta, iska ta shiga, da safe toka za a kwasa. Yaran yanzu tun ba ta huce ba suke tone ta, saurin kai wa kasuwar Sinnar, gawayin ya sake kamawa a cikin buhu.

Hana iskar nan, nan ne kuka yi tarayya da masu batir. Amma wutar kamina ba ta cika wuce digiri 600 ba. Su suna gasa ɓawon kwakwa ko sukari a digiri 1000 zuwa 1500, cikin iskar agon ko naitirojin, su kuma wanke tokar da asid. Abin da ke fitowa shi ake kira kabon mai tauri, shi ne ɓangaren batirin da sodiyam ke taruwa a ciki in ana caji.

Me ya hana a yi da girafait, kamar batirin wayarka? Shi ma kabon ne, amma faifai-faifai: faifansa a jere suke, tazararsu nanomita 0.335 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Litiyam na shiga ya zauna daram, giram ɗaya na girafait ya riƙe miliamfa-awa 372, ma'aunin yawan caji ke nan. Sodiyam kuwa da ƙyar ya kai 35. Za su ce maka girma ne ya hana shi. Ai fotasiyam ya fi shi girma, kuma yana shiga. Zaman ne bai karɓe shi ba.

Kabon mai tauri faifansa a hargitse suke, kamar zanannakin da iska ta kayar, tazarar ta kai 0.37 zuwa 0.40, ga ƙananan ramuka rufaffu a tsakani. A shekarar 2000 Stevens da Dahn a Kanada suka nuna wanda aka yi da gulukos yana riƙe wajen 300. In ana caji, sodiyam na fara maƙalewa a gefuna da wuraren da faifai suka tsage, ya kutsa tsakaninsu, ƙarfin wutar ɓangaren kabon na sauka a hankali har 0.1 na bolt. Daga nan sai ya tsaya kusan cak, sodiyam na cika ramukan. Nan riba take, nan kuma haɗari: an kusa sifili, in aka matsa caji ko ana tsananin sanyi, sai sodiyam ya kwanta a saman a matsayin ƙarfe, ya yi tsini ya huda shamakin da ke raba ɓangarorin batirin biyu.

Gawayinka kuwa ramukansa a buɗe suke, ga toka, ga danshi. Ruwan batir zai shige ya ruɓe ya zama ɓawo, ya cinye sodiyam tun cajin farko. Ko mai kyau yana asarar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a nan, balle naka.

Ka mayar wa mahaifiyarka gawayinta kafin la'asar, kada a rasa na ɗora jabana.